Kafin Ki Hau Tuddan Temet

Yamai, farkon sanyi

Uwata,

Saƙonki ya same ni ta bakin gwaggonki, yadda manyan maganganunki suka saba zuwa. An ce malamanku na jami'a za su kai ku Abzin a hutun Disamba, ku duba duwatsu, ku gangara Tenere har tuddan rairayin Temet, kuma kowane ɗalibi sai ya kawo yardar iyayensa a rubuce. To, na yarda. Amma yarda ce mai sharuɗɗa, kuma da yake ke ce ta fari, ni da ke ba mu saba zama mu baje magana ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Na bari a buga takardar a fili don na ji cewa a gidajen abokan karatunki ma ana ta wannan ja-in-ja, har wasu iyayen sun hana tun kafin su ji inda za a je.

Innarki ba ta so, kuma kada ki kuskura ki mai da tsoronta abin dariya. Ba ƙage ta yi ba. A kan idonmu aka yi tawayen farko, daga 1990 har zuwa yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995. Na biyu ya tashi a Fabrairun 2007, kuma a Iferwan ya fara, garin da za ku kwana. A wannan karon aka binne nakiyoyi a hanyoyi, aka daɗe direbobi ba sa kauce wa sawun motar da ta riga su wucewa. A Oktoban 2013 aka tsinci gawar mutum 92 kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, Hausawa ƴan'uwanmu. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su. Tun da zinariya ta ɓulla a Jado da Cibarkaten a 2014, ƴan fashi suka sami abin tarewa a hanyoyin hamada. A 2025 ma an ɗauke baƙi Turawa a cikin garin Agadas kansa. Saboda haka sharaɗina na farko ba na ciniki ba ne: sai da izinin hukumar jihar Agadas, sai da rakiyar da ta ce a yi, sai da sanin ma'aikatan gandun daji. Idan kun isa Agadas aka ce muku hanya ba ta da kyau a wannan makon, ku yi zamanku ku kalli gari ku dawo. Kuɗin mota ba ya kai ran mutum.

To me ya sa na yarda? Saboda abin da na daɗe ina gani yana ba ni haushi. Fiye da rabin ƙasar nan hamada ce, amma mu mutanen kudu ba mu san ta ba sai a labarin rediyo, shi ma in an yi mutuwa. Za ki sami Bature a Faransa da zai zana miki tuddan Arakaw na Abzin a takarda ba tare da ya duba taswira ba, ki kuma sami ɗan Yamai mai digiri biyu da bai san ko Iferwan gari ne ko sunan magani ba. Mutane na biyan maƙudan kuɗi su tafi Namibiya su hau tuddan rairayi, ga namu nan ba su gaza nasu kwarjini ba, mun bar wa baƙi saninsu. Wanda bai san wuri ba kuwa ba ya kishinsa. In an kwashe kayan tarihinsa ko an harbe dabbobinsa, ko a jikinsa. Ina so a ce cikin ƴaƴan ƙasar nan da za su riƙe ofisoshi gobe akwai waɗanda suka taka rairayin da ƙafarsu.

Kuma ki cire wa ranki cewa baƙuwar ƙasa za ki. Tarihin bakin Gobirawa ya ce a Abzin suka zauna kafin su gangaro kudu. Hausar da za ki ji a kasuwar Agadas ba koyonta suka yi don ƴan yawon buɗe ido ba, harshen gari ne. Rawanin turkuɗi mai sheƙi da dattawan Abzinawa ke ji da shi, wanda ke rina musu fuska, a Kura ta ƙasar Kano ake rina shi a buge shi. Kantun gishirin da kakanki ke sa wa dabbobinsa lasa daga Bilma yake fitowa, kuma ta cikin Tenere ya ratso a bayan raƙumi. Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Agadas a Oktoban 1850, daga baya ya bi ayarin gishiri zuwa kudu, ya isa Kano a farkon 1851. Hanyar da ya bi, kakanninmu sun riga shi saninta da ɗaruruwan shekaru: gero da tufafi su hau, gishiri da dabino su sauko. Lemun Timiya da albasar Tabelot da ke cika kasuwannin Yamai da sanyi, ci gaban wannan tsohon ciniki ne, raƙumi kawai aka musanya da babbar mota.

Hanyar ba zan tsaya a kanta ba. Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Tawa, Abalak, Agadas: kusan kilomita 950, kuma kwaltar da aka shimfiɗa don ɗaukar uraniyom ta farfashe a wurare da dama, za ki ji a ƙugunki. Abu biyu kawai nake so kada ki yi barci a kansu. Na farko Kure, kilomita 60 kacal daga gida, inda raƙuman dawa suke. Ki riƙe su a ranki, zan dawo kansu. Na biyu hasumiyar masallacin Agadas, ta laka, mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa wajen 1515 aka sake ta a 1844. UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan gadon duniya a 2013. Ki tsaya a gindinta ki ɗaga kai ki auna ta da ido sosai, za ki bukaci ma'aunin nan gaba.

Wurin da za ku shiga an kafa shi gandun kiyaye halittu na Abzin da Tenere a 1988, lokacin ina aikin allurar dabbobi a wannan yanki. Faɗinsa murabba'in kilomita 77,360, wato ya ɗara ƙasar Saliyo gaba ɗayanta. Yammacinsa duwatsu ne, Tamgak da Takolokuzet da Girebun, gabashinsa kuma Tenere. A tsakiya an keɓe kusan kashi ɗaya cikin shida aka hana kowa shiga, don wata farar barewa mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira adaks. A 1991 UNESCO ta karɓi gandun cikin gadon duniya. Shekara ɗaya tak bayan haka, a 1992, ta mai da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari saboda tawaye, aka yi sama da shekara 30 ba a cire sunansa ba. Wannan ya kamata ya dami kowane ɗan Nijar, amma ban taɓa jin an tayar da maganar a wata fadar shayi ta Yamai ba.

Yanzu ga tuddan. Abin da ya sa suka taru a nan ba wani wuri ba, iska ce da dutse. Duk tsawon sanyi iska na busowa daga arewa maso gabas, ita ce wadda ke kawo mana hazon da ke ɓoye gadar Kennedy da safe. Ƙurar mai laushi tana tashi sama ta yi nisa. Wadda ke fitowa daga kwarin Bodele na Cadi har teku take ƙetarewa ta sauka a Kudancin Amurka. Rairayi kuwa ya fi nauyi, ba ya tashi, tsalle yake yi ƙwaya-ƙwaya dab da ƙasa, yana tafiya har ya ci karo da bangon gabas na duwatsun Abzin. Nan tafiya ta ƙare masa, sai ya hau kan ɗan'uwansa. A Temet, a gindin Girebun mai tsawon mita 1,944, tuddan sun kai wajen mita 300. Ki ɗora hasumiyar Agadas goma, ɗaya bisa ɗaya, ba ki kai ƙolin ba tukuna. A Arakaw kuwa duwatsun ne suka yi zobe mai faɗin kilomita kusan goma, suka bar ƙofa ta gabas, rairayi ya kwararo ta ƙofar ya tsaya a ciki. Ta wani gefen za ki ga baƙin dutse, ta wani ja-ja da fari-fari na rairayi, ba abin da ya raba su sai layi ɗaya. In hanya ta bi da ku Izuzawen, akwai duwatsun marmara masu shuɗi-shuɗi da suka ɓullo daga cikin rairayi. Wannan fanninki ne, ke za ki dawo ki yi mini bayani.

Kowane tudu fuska biyu gare shi. Wadda ke kallon iska tana da sauƙin gangara, kuma iska ta daddale ta, ƙafa ba ta nutsewa sosai. Ta bayan ita ce mai tsayuwa, wajen digiri 34, rairayinta sako-sako, taku uku ki yi biyu su koma. Masu wurin ba sa hawa ta nan, kan ƙirin suke bi, inda fuskokin biyu suka haɗu. Ki tashi bayan sallar asuba, ki hau kafin rana ta yi ƙarfi, ki tafi da ruwa ko da kina jin sanyi. Abokanki samari za su yi tsere, ki bar su. A tsakiyar tudu za ki same su zaune suna haki. In kin kai sama ki ajiye wayar tukuna. Hoto ba ya ɗaukar abin da ke wurin, don girman ne abin, kuma girma ba ya shiga allon waya. Ki juya yamma ki ga dutse, ki juya gabas ki ga rairayi har inda ido ya gaza, ki tuna cewa ɗaruruwan kilomita ne a haka kafin a kai dabinon Kawar, kuma akwai mutanen da ke ratsa irin wannan da ƙafa kowace shekara. Da hantsi ki sauko. Rairayin da ya daskarar miki da yatsu da asuba, da azahar zai iya sale miki tafin ƙafa, ko a Disamba.

Sharaɗina na biyu shi ne jagora, kuma a nan zan daɗe, don nan ne masu ilimin boko suka fi yin kuskure. Za a ba ku mutumin Abzin, mai yiwuwa bai taɓa zama a aji ba, mai yiwuwa Faransancinsa bai wuce na gaisuwa ba. Daga ranar da kuka bar Iferwan, maganarsa ce gaba da ta kowa, har da ta malaminku mai digirin digirgir. In ya ce a tsaya, a tsaya. In ya ce ba a kwana a cikin wannan ƙorama, a matsa. Ruwan da aka yi a kan dutse mai nisa yana iya saukowa cikin dare alhali samanku tas take, ko da yake da sanyi wannan ba kasafai ba ne. Na'urar da ke nuna hanya ta tauraron ɗan'adam za ta gaya muku inda kuke, amma ba za ta gaya muku cewa rairayin gabanku ruɓaɓɓe ne zai haɗiye mota har gindi ba, ko cewa rijiyar da ke kan taswira ta ƙafe tun bara. Shi yana karanta wannan a launin ƙasa da kwanciyar tuddai da sawun da ke ba za ki ma lura da shi ba.

Ilimin nan daga ayari ya gado shi. Da kaka, wajen Oktoba, ayarin gishiri ke tashi daga Abzin zuwa Fashi da Bilma. Madugu na gaba, raƙuma a jere akala ɗaure da na gaba, ana tafiya tun safe har tsakar dare ba a sauke kaya, don kowace sa'a ta tsayuwa ruwa ce da ciyawa. Shayi ma a tafe ake dafa shi, a ɗan murhun waya da ake lilo da shi a hannu. Da yake ba abin da raƙumi zai ci a hanya, kowanne na ɗauke da dammunan ciyawarsa, ana ajiye wasu a zango-zango don dawowa, kuma ba mai taɓa na wani. Da rana madugu na duba inuwa da yadda iska ta tsaga rairayi, da dare taurari. Kuskure kaɗan a saiti, an wuce rijiya ba a gan ta ba, shi ke nan an hallaka jama'a. Mutumin da ya tashi cikin wannan horo, in ya ce miki a juya, ba ya bukatar ya kawo hujja.

Sauran na hanya gajeru ne. Kada ku shiga da mota ɗaya, ko da sabuwa ce. Kat-kat biyu ne mafi ƙaranci, da wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya, da man da ya wuce lissafi. Ki ƙirga jarkokin ruwa da idonki kafin a tashi, kada su gaza lita goma ga kowane mutum kowace rana, kuma kada a zuba su duka a mota ɗaya. Ki sha ruwa tun ba ki ji ƙishi ba, iskar wurin busasshiya ce, tana shanye zufa kafin ki san kin yi ta. Addini ya sauƙaƙa miki: ga taimama, ga ƙasaru, kada ki zubar da ruwan sha wajen nuna tsoron Allah. Za ki ga direba ya sace wa tayoyi iska kafin a shiga rairayi, ba ɓarna yake yi ba. In mota ta mutu, a zauna a inuwarta. Mai nema yana hango mota daga nesa, ba ya hango mutum. Da safe ki zazzage takalminki kafin ki sa ƙafa, kunama na son ɗumi.

Akwai abin da zai fi tuddan ba ki mamaki, in kin iya kallon ƙasa. A wasu filayen tsakanin tuddai za ki ga dutsen niƙa kwance da ɗansa a kai, ga kan kibiya na dutse, ga tsingaro mai zane, ga ƙashin kifi. Kifi, Uwata, a wurin da yau shekara kan wuce ba a sami ruwan da ya kai milimita 25 ba. Shekaru dubbai da suka wuce nan tafkuna ne da ciyawa. A Adrar Bus, cikin gandun, an tono ƙasusuwan saniyar gida. A Temet ɗin nan da Tagalagal an sami tukwanen da suka haura shekara 9,000, suna cikin mafiya tsufa a Afirka. Can kudu, a Gobero, ayarin Ba'amurken nan Paul Sereno ya je neman ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe a shekarar 2000, sai ya faɗa kan maƙabarta mai kaburbura wajen 200 a bakin tsohon tafki. A ɗaya daga ciki mace ce da yara biyu, an kwantar da su suna rungume da juna. A Dabus kuma, kimanin kilomita 110 arewa da Agadas ta hanyar Arlit, an sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse, babban ya haura mita biyar, masana na ƙiyasta shekarunsu tsakanin 6,000 da 8,000. Wanda ya sassaƙa su ya san dabbar ido da ido, har zanen fatarta bai kuskure ba. Ki roƙi malamanku su ratse, ba nisa daga kwalta.

Sharaɗi na uku ke nan: kada ki ɗauko komai. Ko kan kibiya ɗaya. Na san za ki ce ai dubbai ne a warwatse, ɗaya ba zai rage su ba. Haka kowane baƙo ya ce tun zamanin da motocin tseren Paris-Dakar ke ratsa Tenere, har aka wayi gari wuraren da na sani shimfiɗe da kaya sun koma fili fetal, kayan kuma suna kan tebura a Turai ko a shagunan masu sayar wa baƙi tsaraba. Dutsen niƙa in yana inda mai shi ta bar shi, yana gaya wa masani inda gida yake, inda bakin ruwa yake, abin da ake ci. In ya shiga jakarki ya zama dutse kawai. Kada ki rubuta sunanki a jikin dutse, kada ki shafa wa zane ruwa ko alli don ya fito a hoto. In yaro ya kawo miki na sayarwa, ki ba shi abin da za ki ba shi don Allah, ki bar masa kayansa. In kin saya, gobe zai koma ya tsinto goma.

Kin san itacen Tenere, tun kuna ƙanana ake kai ku kallonsa a gidan tarihi na Bubu Hama. Kandili ne, shi kaɗai a tsaye a hanyar Bilma, ana cewa ba wani itace kusa da shi sai an yi ɗaruruwan kilomita. Da aka haƙa rijiya a gefensa a sanyin 1938 zuwa 1939, an iske saiwarsa ta nutsa sama da mita 30 tana neman ruwa. Ayari nawa suka yada zango a gindinsa, da sanyi da yunwar raƙuma, ba wanda ya karya reshe ya hura wuta, ba wanda ya bar raƙuminsa ya ci ganyen. A 1973 direban babbar mota ya banke shi, a filin da ba abin da zai kauce wa sai shi. A watan Nuwamban shekarar aka kawo gawarsa Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa. Ba ya kan hanyarku ta Temet, amma kowane itacen da za ku gani a bakin Tenere irin wannan wahalar ya sha kafin ya tsaya. Ku tafi da gawayinku ko gas. In ya zama dole, busasshen da ya faɗi da kansa.

Dabbobi kuwa, kada ki sa rai da yawa, don kada ranki ya ɓaci. Lokacin da nake can, jimina mai jan wuya garke-garke take a kwarurukan gabashin Abzin, mota na tafe suna gudu a gefenta. Shekarun tawaye suka share su. Bindiga ta yi yawa, masu tsaro suka janye, kowa da yunwarsa. Yau sai a cikin shinge ake kiwon ƴan kaɗan da fatan a mai da su daji wata rana. Adaks da aka keɓe wa fili guda, ta ƙaurace masa. Ragowarta na can wajen Termit da Tin Tumma, inda wani bincike na 2016 ya ga guda uku kacal. In kun yi sa'a za ku hangi ƙaramar barewa da sassafe, ko ragon dutse a kan tsauni. In direba ya taka mota zai bi barewa don ku yi hoto, ki buɗe baki ki hana, ko da za a ce kin cika iyayi. Barewar da aka kora da mota, ko ta tsere, sau da yawa zuciyarta ke bugawa ta faɗi a bayan tudu.

Na ce ki riƙe raƙuman dawan Kure. A 1996 saura 49 suka rage a duk Afirka ta Yamma. Aka zauna da manoman yankin, aka sa su cikin aikin, suka ga amfanin dabbar a aljihunsu da rijiyoyinsu, adadin ya haura 600, har a 2018 aka ɗebi wasu aka kai Gadabeji. Ban ga dalilin da zai hana a yi wa jiminar Abzin haka ba. Amma ba daga ofis a Yamai za a yi shi ba, kuma ba da hana makiyayi kiwo a kwarin da kakansa ya yi kiwo ba. Mutanen da ke cikin gandun, masu raƙuma da awaki da masu lambunan Iferwan da Tin Tellust, su ne suka zauna da dabbobin nan tsawon zamani ba su ƙare ba. Ba su ne suka kawo bindiga mai sarrafa kanta da kat-kat ba.

Don haka ki shiga gidajensu da ladabi. Gaisuwarsu doguwa ce, kada ki gajarta ta. Namiji ba ya buɗe bakinsa daga amawali a gaban wanda yake jin nauyi, kada ki yi masa wasa a kai. Tanti na mace ne, ita ke da shi, a wurinta za ki nemi izinin shiga; za ki ga mata na magana a gaban maza da sakin jiki fiye da yadda kika saba, ki saurara, akwai abin koyo. Kada ki ɗaga waya kan fuskar kowa sai kin tambaya. Sunayen raini da ake kiransu da su a tashoshin kudu, kada in ji ɗaya ya fito daga bakinki. Shayi zagaye uku ne, ki zauna har na ukun. In an ba ki tagella, gurasar da ake gasawa cikin rairayi da toka, ki ci, ba za ki tauna ƙasa ba, sun iya kakkaɓe ta. A bakin rijiya dabbobi ne gaba, ku jira layinku, kuma kada ku kafa zango dab da ita. Tafkunan cikin dutse ruwan shan mutane ne da na daji, ba a sa musu sabulu. Ki tafi da ganyen shayi da sukari na kyauta, sun fi kuɗi daɗin miƙawa, ki kuma sayi cuku da aikin maƙeran azurfa a hannun masu yi, ba tare da kin matse su a ciniki ba. Tun da baƙi suka ɗauke ƙafa, jagorori da direbobi da maƙera da yawa suka rasa sana'a, wasu suka koma ramin zinariya, wasu ɗaukar matafiya zuwa Libiya.

Aiki ɗaya zan ba ki. Ki sami dattawa a Iferwan, maza da mata, ki tambaye su a wane kwari suka ga jimina ta ƙarshe a sake, a wace shekara, da wace ciyawa take bi. Ki rubuta sunayen kwarurukan yadda suka faɗe su, ki sa jagoranku ya nuna miki su a taswira. Masu wannan sani suna ta tafiya, kuma ranar da za a tashi mai da jiminar, wannan littafin naki za a nema.

Ki ɗauki bargo biyu da rigar sanyi mai kauri da safa. Dare a gindin Girebun yana kaiwa inda ruwa ke daskarewa a buta, sanyin Yamai bai shirya ki ba. Ki kira gida daga Iferwan kafin ku shiga, ki faɗi ranar fitowa da lambar wayar jagoranku, ki sake kira da zarar kun fito. Tsakanin nan ba layi, na riga na yi wa innarki bayani, ni zan zauna da ita.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya yi miki albarka.

Mahaifinki